Ziyarar gonakin inabi na Cape ga baƙon da ba ya shan giya

Tambaya: Ni malamin jami'a ne daga Zariya, kuma zan halarci wani taron ƙara wa juna sani a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a watan Fabrairu. Masu shirya taron sun ware yini guda domin kai mahalarta yankin gonakin inabin da ake yin giya da shi. Ni Musulmi ne, ba na sha. Shin akwai abin da zan ƙaru da shi a can, kuma idan na ƙara kwana biyu ko uku na kaina, yaya ya kamata in tsara su?

Amsa: Malam, akwai abin ƙaruwa mai yawa a yankin, amma da wuya ka same shi a cikin irin tsarin da masu shirya taro suka saba yi, saboda haka abu na farko shi ne ka nemi su turo maka jadawalin yinin tun kafin ka amsa musu. Abin da aka fi yi shi ne a ɗebi mutane a doguwar mota da safe, a bi gonaki uku ko huɗu, a kowace gona a zaunar da su a tebur na kimanin awa guda, ma'aikaci yana tsiyaya musu giya kala biyar ko shida kaɗan-kaɗan yana bayanin kowace, sannan a ci abincin rana a koma masauki da la'asar. Wanda ba ya sha zai ƙare yinin ne yana kallon mutane suna shinshinar kofi, kuma ka san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Hukuncin shiga gonar kanta, wadda a lokaci guda gona ce, gidan tarihi ce, kuma masana'antar giya ce, magana ce da za ka yi da malamin da ka amince da iliminsa; nawa shi ne in bayyana maka yadda wuraren suke, domin ka yi tambayar a kan sani. A yawancin manyan gonakin, ɗakin ɗanɗana giya gini ne daban, lambu daban, tsohon gidan mai gona daban, kuma babu wanda zai matsa maka ka shiga inda ba ka so. Idan jadawalin ya ƙunshi irin waɗannan, kana iya bin abokan taronka ku rabu a bakin ƙofa, ku haɗu a mota. Idan kuwa ƙananan gonaki ne waɗanda ba su da komai sai ɗakin ɗanɗano da rumbun ganguna, shawarata ita ce ka ba su haƙuri ka shirya taka tafiyar.

Yana da kyau ka fara sanin dalilin da ya sa inabi ya karɓi wannan lungu na nahiyarmu, domin shi ne zai fassara maka abin da idonka zai gani. Lokutan shekara a can a juye suke da namu: Disamba zuwa Fabrairu ne tsananin zafi, Yuni zuwa Agusta kuma sanyi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, wato damina da hunturu sun haɗu wuri guda, zafi kuma ya zo a bushe. Kurangar inabi haka take so: ta zubar da ganye ta huta a cikin sanyi, ƙasa ta ƙoshi da ruwa, sannan 'ya'yanta su nuna a rana ba tare da danshin da ke ruɓar da su ba. Teku kuma yana rage kaifin zafin. Wata igiyar ruwa mai sanyi da ake kira Benguela tana bin gaɓar yamma daga kudu zuwa arewa, sannan a watannin zafi wata iska mai ƙarfi tana tasowa daga kudu maso gabas, ta ratso mashigin tekun False Bay, ta kutsa kwaruruka tsakanin duwatsu, ta busar da ganye, ta rage cututtukan da danshi ke jawowa. Iskar nan ba ta wasa ba ce, takan fizge hula daga kan mutum, kuma a ranar da ta tsananta akan dakatar da motar igiyar da ke hawa da mutane kan dutsen Table Mountain. Da yake ruwa ba ya sauka a lokacin zafi, birni da gonaki duka sun dogara ne ga madatsun ruwa, shi ya sa bayan farin shekara uku a jere, a farkon 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, har aka fara lissafin ranar da za a rufe famfo. Har yanzu mutanen garin ba sa son ganin ana barnar ruwa, kuma baƙo mai alwala sau biyar a yini ya kamata ya kiyaye wannan.

Ka yi sa'ar lokaci, domin Fabrairu tsakiyar kakarsu ce. Girbi yana farawa daga ƙarshen Janairu ya kai Maris, a wurare masu sanyi har Afrilu. Idan ka fita da sassafe za ka tarar masu girbi sun riga rana shiga gona, saboda ana so a cire inabin da sanyinsa. Kowa yana riƙe da ɗan almakashi, yana bin layi a sunkuye, yana ɗage ganye yana yanke nonon inabi yana jefawa a akwatin roba, in ya cika a saɓa a kafaɗa a kai wa tarakta a bakin layi. Za ka lura cewa inabin giya ba irin wanda muka saba saya a kasuwa ba ne: 'ya'yansa ƙanana ne, fatarsa mai kauri, cikinsa da ƙwayoyi, kuma zaƙinsa ya fi na ci. Inabin ci mai manyan 'ya'ya an fi nomansa can ciki, a kwarin Hex River, a kan babbar hanyar N1 bayan garin Worcester, tafiyar kusan awa biyu daga Cape Town. Tun da daga Zariya kake, ba ka rasa sanin gonakin inabi na Kudan da Hunkuyi ba. Idan sha'awarka ta noma ce, kwarin Hex zai fi yi maka amfani fiye da Stellenbosch, garin da ke tsakiyar gonakin inabin giya, domin can ne za ka ga yadda ake ɗora kuranga a kan rumfa, da yadda ake rage 'ya'yan nono domin sauran su yi girma, da yadda ake shayar da gona ɗigo-ɗigo ta siraran bututu, da yadda ake sanyaya kaya kafin a kai su tashar jirgin ruwa. Sai dai kada sha'awa ta sa ka yanko reshe ka cusa a jaka. Ketare iyaka da shuka yana buƙatar takardar izini, kuma dokar tana da dalili: wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ake kira phylloxera, wanda ya bi irin shuka daga Amurka zuwa Turai, ya iso Cape a 1886 ya kashe gonaki masu yawa, har sai da aka koma ɗaura kurangar a kan saiwar irin Amurka mai jure masa.

Abin da nake ganin ya fi cancantar lokacinka shi ne tarihi, domin gonakin inabin Cape da Musuluncin Cape tare suka taso, kuma hannu ɗaya ne ya kawo su. Kamfanin Holan mai fataucin ƙasashen Gabas ya kafa zango a nan a 1652, ƙarƙashin Jan van Riebeeck, domin jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da tsibiran Indonesiya su sami ruwa da nama da ganye. An matse inabin farko ranar 2 ga Fabrairu, 1659. Ƙasar da aka shuka shi makiyayar mutanen Khoekhoe ce, waɗanda aka riƙa turewa da yaƙi da ƙwace, sannan annobar agana ta 1713 ta ƙarasa karya su. Masu aikin gonakin kuwa bayi ne, waɗanda aka fara shigowa da su da yawa a 1658, daga baya aka ci gaba da jigilarsu daga Madagaska da Mozambik da gaɓar Indiya da tsibiran Indonesiya. Kamfanin kuma ya mayar da Cape wurin jibge sarakuna da malaman da suka yi masa turjiya a Gabas. Daga cikin waɗannan bayi da korarru al'ummar Musulmin Cape ta fito, kuma hubbarensu na farko suna cikin gonakin inabin ne ko a gefensu.

Saboda haka yininka na farko ka ba Constantia, wadda ke bayan dutsen Table Mountain, kimanin kilomita 20 kudu da tsakiyar birni. Gwamna Simon van der Stel ne ya kafa gonar a 1685, aka rarraba ta bayan mutuwarsa a 1712, kuma babban yankin da ya rage, Groot Constantia, a buɗe yake ga jama'a. Tsohon gidan ya zama gidan tarihi: farin gini mai kaurin bango, rufin ciyawa, da dogon goshi mai ado a saman ƙofa, wanda shi ne salon ginin Turawan Holan na Cape da za ka yi ta gani a duk yankin. A harabar akwai sashen da ke ba da labarin bayin da suka yi aiki a gonar, kuma shi ne ya kamata ka fi daɗewa a ciki, domin sunayen da ke rubuce a takardun gadon masu gona suna nuna inda aka samo kowane bawa, wannan daga Bengal, wancan daga Bugis ko Mozambik, an jera su tare da shanu da ganguna. Za a gaya maka cewa giyar Constantia mai zaƙi ta yi suna a fadojin Turai, har Napoleon ya riƙa shan ta lokacin da yake tsare a tsibirin St Helena. Gaskiya ne, amma kuɗin da ta kawo gumin waɗannan mutane ne.

'Yar tafiya kaɗan daga nan, a bakin ƙofar gonar Klein Constantia, akwai hubbaren Shaihu Abdurrahman Matebe Shah, ɗaya daga cikin manyan mutanen Sumatra da Turawan Holan suka koro Cape a ƙarshen shekarun 1660. Ɗan ƙaramin gini ne mai ƙubba, a gefen rafi, a inuwar itatuwa. Mutum yana cire takalmi a ƙofa, ya tarar da kabari lulluɓe da yadudduka masu launi, ɗakin yana ƙamshin turare, in ya leƙa waje kuma layukan inabi ne suka hau gangaren dutse. Hubbaren abokin tafiyarsa, Sayyid Mahmud, yana kusa, a tudun da ake kira Islam Hill. Na san mutanenmu sun sha bamban a kan ziyarar hubbare, kuma ba wannan ce mahawarar da ka tambaye ni ba. Ko kana cikin masu yi ko ba ka ciki, wurin hujja ce ta tarihi cewa an yi salla a wannan kwari tun kafin a kafa gonar da ta yi masa suna. Idan lokaci ya rage, lambun tsirrai na Kirstenbosch, wanda aka kafa a 1913, yana kan hanyar komawa birni. Da safiyar wannan yini, ko da yammacinsa, ka shiga unguwar Bo-Kaap ka yi salla a masallacin Auwal da ke titin Dorp, wanda aka kafa a 1794, shi ne na farko a ƙasar. Limaminsa na farko, Tuan Guru, ɗan sarautar tsibirin Tidore na Indonesiya ne da aka tsare a tsibirin Robben daga 1780, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka.

Yini na biyu ka kama hanyar N2 zuwa gabas. Kafin garin Somerset West akwai Macassar, kusa da inda kogin Eerste ya faɗa teku, inda hubbaren Shaihu Yusuf yake. Malami ne ɗan Makassar ta Indonesiya wanda ya yaƙi Turawan Holan a Banten da ke tsibirin Java, suka kama shi suka kai Silon, wato Sri Lanka ta yau, sannan a 1694 suka kawo shi nan tare da iyalinsa da mabiyansa, suka ajiye shi a gonar Zandvliet nesa da gari domin kada ya yi tasiri a kan bayi. Dabarar ba ta ci ba, domin wurin ya zama mafakar bayin da suka gudu, kuma ko da yake ya rasu a 1699, Musulmin Cape suna ɗaukarsa uban Musulunci a ƙasar, suna taruwa a wurin duk shekara a hutun Ista. Daga nan ka wuce gonar Vergelegen a Somerset West, wadda ɗan Simon van der Stel ya kafa a 1700. Manyan itatuwan kafur biyar da aka dasa a zamaninsa suna nan tsaye a gaban gidan, ga lambuna masu faɗi da ɗakin karatu, kuma mutum yana iya yin rabin yini a ciki bai kusanci giya ba.

Ka kwana a Stellenbosch, kimanin kilomita 50 daga Cape Town. An kafa garin a 1679, shi ne na biyu a tsufa cikin garuruwan da Turawa suka kafa a ƙasar, kuma gari ne na jami'a wanda aka fi jin daɗinsa a ƙafa. Titin Dorp na can yana da tsofaffin gidaje a ƙarƙashin manyan itatuwa, da 'yan magudanan ruwa a gefen hanya, sannan akwai gidan tarihin da ya haɗa gidaje huɗu na zamani daban-daban. A matsayinka na malami, jami'ar za ta ba ka sha'awa ta wata fuska, domin a nan ne Farfesa Abraham Perold ya haɗa irin inabi biyu a tsakiyar shekarun 1920 ya fitar da sabon irin inabin giya mai suna Pinotage, kuma har yau jami'ar tana da sashen nazarin noman inabi. Masallacin garin yana kan titin Banhoek, a unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta ware wa farare a shekarun 1960 ta tashi mazaunanta. Gidajen sun tafi, masallacin ya tsaya. Mai son tafiyar ƙafa a cikin duwatsu kuma, kwarin Jonkershoek yana bayan gari.

Yini na uku shi ne mafi kyawun hanya. Daga Stellenbosch za ka hau mashigin dutse na Helshoogte, ka gangara ƙauyen Pniël, wanda 'yan mishan suka kafa a 1843 domin bayin da aka 'yanta. An soke bauta a Cape ranar 1 ga Disamba, 1834, amma aka tilasta wa bayin ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har 1838, kuma da suka fita ba a ba su ko taƙi ɗaya na gona ba, abin da ya sa yawancinsu suka koma ƙwadago a gonakin da suka bari. Gaba kaɗan sai Franschhoek, kwarin da aka bai wa Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga ƙasarsu suka iso a 1688. Gari ne mai kyau da tsada, cike da gidajen abinci, kuma a ganina awa biyu sun ishe ka: ka ga ginin tunawa da Faransawan da gidan tarihinsa, ka hau mashigin dutsen da ke bayan gari ka hango kwarin gaba ɗaya. Akwai ɗan jirgin ƙasan da ke zagayawa da 'yan yawon buɗe ido gona-gona, amma an tsara shi ne domin masu sha, saboda haka ka bar shi. A kan hanyar Paarl ka tsaya a ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster, inda Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairu, 1990. Mutum-mutuminsa yana bakin ƙofa. Ka ƙare da Babylonstoren, tsohuwar gona ce ta ƙarshen ƙarni na 17 wadda aka mayar da wani sashenta babban lambun itatuwa da kayan marmari. A Fabrairu za ka tarar da ɓaure da inabin ci sun nuna, zaitun da rumman suna kan hanya, ruwa yana bin 'yan magudanai tsakanin fangali, agwagi suna kiwo a ƙarƙashin itatuwa. Ana biyan kuɗin shiga, kuma idan wuri ɗaya tak za ka gani a wannan sashe, to shi ne.

Akwai abin da takardun talla ba sa faɗa, kuma bai kamata mai ilimi ya zagaya yankin bai san shi ba. Shekaru aru-aru masu gonaki suna biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, ana ba su awo-awo a cikin yini, tsarin da ake kira dop. An haramta shi a takarda tun wajen 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma ya bar gadon shaye-shaye a cikin iyalai. Yankin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan yaran da ake haifa da naƙasar da shan giyar uwa mai ciki ke jawowa. Batun lada ma bai mutu ba: a ƙarshen 2012 leburorin gonakin De Doorns, a kwarin Hex ɗin da na ambata, suka yi yajin aikin da ya bazu, har gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105 a 2013. Idan ka ga tsohuwar ƙararrawa rataye a tsakanin fararen ginshiƙai biyu a harabar gona, wadda baƙi ke son ɗaukar hoto a gabanta, ka sani da ita ake kiran bayi aiki.

Abinci shi ne inda baƙo ya fi samun matsala, kuma yana buƙatar shiri. A cikin Cape Town abincin halal a wadace yake, domin Musulmi suna da yawa kuma girkinsu ya zama girkin gari: biryani, samosa, farfesun rago da tumatir da suke kira bredie, gasasshen niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi da suke kira bobotie, da soyayyen kifin snoek. A gonakin inabi kuwa labarin daban ne. Yawancin gidajen abincinsu suna dafa naman alade, suna zuba giya a miya da romo, wasu kayan zaƙin ma da barasa ake jiƙa su, saboda haka ko kifi ko ganye ka zaɓa sai ka tambayi mai kawo abinci yadda aka dafa shi, kuma sun saba da tambayar, ba sa jin haushinta. Ka bambance tsakanin wurin da ya rataye takardar shaidar halal daga hukuma irin su MJC ko SANHA ko NIHT, da wurin da kawai ya ce yana maraba da masu cin halal, domin na biyun sau da yawa nufinsa ya sayo naman daga mahautan Musulmi ne, amma tukunya ɗaya ce da sauran girki. Haka busasshen naman nan nasu, biltong, wanda yake kamar kilishinmu ba tare da ƙuli ba, a duba tambarin halal a jikin leda kafin a saya. Game da abin sha, gonaki da yawa suna sayar da ruwan inabi zalla wanda bai tsima ba, fari da ja, kuma yana da daɗi ƙwarai. Amma akwai wani nau'in da aka fara yin sa giya sannan aka cire masa barasa, wanda galibi akan bar ɗan burbushi da ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma kwalbarsa ba ta da bambanci da ta giya. Ka karanta rubutun jikin kwalba da kyau. Mafi sauƙi shi ne ka ci abincin kirki a gari da safe da dare, ka riƙe 'ya'yan itace da burodi da cuku da shayin rooibos da rana.

Salla ma tana da nata lura. Mun saba cewa alƙibla gabas ce, amma a Cape Town tana arewa ne, ta ɗan karkata gabas kaɗan, kuma rana tana bi ta arewa da tsakar yini, don haka kada ka dogara da ƙiyasin da ka saba. Ka duba manhajar waya ko ka tambayi masu masauki. Yinin Fabrairu dogo ne, alfijir yana ketowa wajen ƙarfe biyar, rana ba ta faɗuwa sai wajen bakwai da rabi ko bayan haka, kuma agogonsu yana gaban na Nijeriya da awa ɗaya. Da yake a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a wannan tsakani, ka duba kalanda tun yanzu, domin azumin can a Fabrairu yana kusan awa 15 a cikin zafi. Yawancin Musulmin Cape Shafi'awa ne, saboda haka za ka ji liman yana bayyana Bisimilla, yana kuma yin ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u. Ban da Stellenbosch, akwai masallatai a Paarl da Strand, ta yadda Juma'a ba za ta kuɓuce maka ba ko'ina ta same ka a wannan zagaye.

Idan kana da yini na huɗu, ka ba teku. Hanyar R44 daga Gordon's Bay zuwa Kleinmond tana maƙale ne tsakanin dutse da ruwa, kuma tana cikin mafi kyawun hanyoyin ƙasar. Daga ƙarshenta ka bi hanyar R43 ka dangana da Hermanus, kimanin kilomita 120 daga Cape Town, wanda a bayansa kwarin Hemel-en-Aarde yake, inda gonakin inabi ke kallon teku. Garin ya yi suna da manyan kifayen whale da ke zuwa haihuwa kusa da gaɓa, amma lokacinsu Yuni zuwa Nuwamba ne, don haka kada wani ya sayar maka da tikitin kallonsu a Fabrairu. Ruwan yana da sanyi ko a tsakiyar zafi, kuma igiyarsa tana ja, kada ka shiga sai inda akwai masu ceto.

Game da zirga-zirga, ana tuƙi ne a hannun hagu, sitiyari yana dama, kuma ga wanda bai saba ba, hanyoyin dutse ba wurin koyo ba ne. Na fi ba ka shawarar ɗaukar direba na yini, zai fi kyau ma ya kasance ɗan rakiya mai rajista, domin doka ta wajabta musu rajista kuma suna ɗauke da shaidarta. Akwai Musulmi da yawa a cikinsu, waɗanda suka san hubbarori da masallatai da wuraren cin halal, kuma ba sai ka yi musu dogon bayani ba. Uber yana aiki sosai a Cape Town da cikin Stellenbosch, amma a gonakin da ke nesa kana iya samun mai kai ka ka rasa mai ɗauko ka. Da yammacin Asabar da Lahadi a yi hattara a hanyoyin gonaki, domin ba kowane mai tuƙi ne ya tofar da abin da ya ɗanɗana ba. A kan N2 kusa da filin jirgin sama kada a tsaya a gefen hanya, kuma kada a bi gajeriyar hanyar da waya ta nuna ta cikin unguwanni; a zauna a kan babban titi, kada kuma a bar jaka ko kwamfuta a inda za a hango ta a cikin mota. Kuɗinsu rand ne, kati yana aiki kusan ko'ina har wasu gonakin ba sa karɓar tsabar kuɗi, kuma al'ada ce a ƙara wa mai kawo abinci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin a matsayin tukuici.

Mai fasfo ɗin Nijeriya yana buƙatar biza, kuma ka nemi ta da wuri da takardar gayyatar taron, ka tabbata kwanakin da ka nema sun haɗa da ƙarin kwanakin yawonka, ba na taron kaɗai ba. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga mai zuwa daga ƙasashenmu, ana tambayarsa a filin jirgi, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma da yin ta. Soket ɗin lantarkinsu mai manyan ƙafafu uku zagayayyu ne, sai ka sayi mahaɗi a filin jirgi ko a kanti. Ka tafi da rigar sanyi mara nauyi saboda iskar yamma, da hula mai baki saboda ranar gona. Fabrairu lokacin cunkoson baƙi ne, don haka ka kama masaukin Stellenbosch da direba tun makonni kafin tafiya, ka kuma duba ranakun buɗewar kowace gona da gidan tarihi a shafinsu na intanet, domin wasu suna rufewa a wasu ranakun mako, wasu kuma ba sa karɓar baƙo sai wanda ya sayi tikiti tun da wuri.